Keke Mai Inji Tsakanin Kakuri da Sabon Tasha: Samun Gudu Ba Wuya, Tsayawa Ce Aiki

Duk wanda ya taɓa kwana a Makera ko Kakuri ko Nasarawa a Kaduna ya san abin da ke biyo bayan ɗauke wuta da magariba. Unguwa takan yi tsit na ɗan lokaci, sai ka ji an fara fizgar igiya. Wannan shago ya tayar, na kusa da shi ya amsa, kafin a idar da salla duk layin ya ɗauki ƙara, shuɗin hayaƙi mai ƙaurin baƙin mai ya cika iska. Ƙaramin janaretan nan ne da aka fi sani da Tiger, abin dogaron mai aski da mai cajin waya da mai shayi. A cikinsa akwai ɗan inji mai bugu biyu, wanda kanikawa ke ce wa tu-sitrok, irin wanda ake haɗa wa fetur da baƙin mai a tanki ɗaya. Girmansa cc 63 ne kacal. A watan Nuwamban 2015 hukumar kwastan ta sanar da hana shigo da shi saboda hayaƙinsa, amma har gobe ba a rasa shi a kasuwa, balle kayan gyaransa.

Wannan inji da danginsa su ne matashi ke kallo idan ya dubi kekensa a jingine, ya kuma lissafa kuɗin mota. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa, har ta haura naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Sabon babur ƙirar Boxer ya wuce naira miliyan ɗaya. Mutumin da ke zaune a Gonin Gora ko Kamazo ko Unguwar Romi, abincinsa kuma yana Kasuwar Sheikh Gumi a tsallaken gada, kullum sai ya shiga mota biyu ko uku a tafiya, haka kuma a dawowa. Keke zai kai shi, amma zai isa jiƙe sharkaf da gumi. To me zai hana a ɗaura wa keken inji? Lokaci-lokaci bidiyo kan yaɗu a Facebook da TikTok na wani yaro da ya yi hakan da injin janareta, jama'a su yi ta sa albarka, wasu su ce gwamnati ta taimaka masa, bayan kwana biyu a manta.

Dabarar ba sabuwa ba ce, kuma ba wasan yara ba ce. A 1946, Japan na kwance bayan yaƙi, Soichiro Honda ya samu wasu ƙananan injina kusan 500 a Hamamatsu, waɗanda sojoji ke amfani da su wajen ba rediyonsu wuta. Wato dai injin janareta, mai bugu biyu, cc 50. Ya riƙa ɗaura su a kan kekuna yana sayarwa, da suka ƙare ya ƙera nasa a 1947, a 1948 ya kafa kamfanin Honda. Suzuki, wanda asalinsa injin saƙa yake ƙerawa, ya shigo harkar a 1952 da keke mai inji cc 36 da ya kira Power Free. A Faransa kuwa VéloSoleX, mai ɗan inji a saman tayar gaba, ya yi shekara 42 ana ƙera shi, daga 1946 zuwa 1988, an sayar da fiye da miliyan bakwai. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai sun fi mu sanin wannan zuri'a, domin mobilet, babur mai feda, ya daɗe yana yi musu hidima. Mu a nan Vespa da Suzuki 100 da Yamaha 100 muka sani, kuma dukansu masu bugu biyu ne. Dattijon da ya riƙe Vespa a shekarun 1970 ba ya buƙatar a koya masa awon baƙin mai.

Akwai ma wani abin ban sha'awa a Kakuri. Kamfanin Peugeot, wanda masana'antarsa ta fara haɗa motoci a can a 1975, ya yi suna da keke tun 1882, kafin ya ƙera mota ko ɗaya, kuma ƙaramin babur ɗinsa mai feda, 103, da ya fito a 1971, ya cika biranen Afirka ta Yamma masu magana da Faransanci. Yankin nan na kudu da kogin Kaduna an gina shi ne a kan ƙarfe da zare. Masaƙar KTL ta buɗe a 1957, masaƙar UNTL da masana'antar kayan soja ta DICON suka biyo a 1964, matatar mai ta fara aiki a 1980 a hanyar Kachia. A zamanin da masaƙu ke aiki dare da rana, lokacin canjin ma'aikata kekuna ne ke cika titi. KTL ta tsaya a 2002, UNTL ta rufe a 2007, amma hannayen da suka koyi walda da feƙe ƙarfe da gyaran inji ba su bar gari ba. Sun koma rumfuna a bakin titi, sun koya wa yara, yaran sun koya wa nasu yaran.

Yadda ɗan injin ke numfashi

Abin da ya sa injin nan ya dace da keke shi ne rashin tarkace. Ba shi da bawul, ba shi da kaskon baƙin mai, abubuwan da ke motsi a cikinsa ba su wuce fistin da sandarsa da karanshaf ba. Idan fistin na hawa, a sama yana matse cakuɗen fetur da iska, a ƙasa kuma yana zuƙo sabon cakuɗe daga kabreta zuwa cikin akwatin karanshaf. Filogi ya ba da wuta, fashewar ta tunkuɗo fistin ƙasa. A hanyarsa ta sauka sai ya buɗe kafar salansa, hayaƙi ya fita, ya ƙara sauka kaɗan ya buɗe kafofin gefe, sabon cakuɗen da ya matse a ƙasa ya haura sama. Kowane zagaye ɗaya wuta ɗaya, alhali injin Boxer mai bugu huɗu sai ya zagaya sau biyu kafin ya samu wuta ɗaya. Shi ya sa ɗan ƙaramin abu mara nauyi yake da zafin nama haka.

Amma tunda fetur ta cikin akwatin karanshaf yake bi, babu inda baƙin mai zai zauna. Dole a zuba shi a cikin fetur, ya shafi boris da fistin a kan hanya, sannan ya ƙone tare da man. Duk rayuwar injin tana rataye a kan wannan awo. Ka tsaya a gidan mai da yamma ka ga yadda ake yi wa janareta: yaro ya zo da galan, a zuba masa fetur, ya tsallaka wurin mai tebur a tsiyaya masa baƙin mai daga gorar ruwa, da ido kawai, ya toshe bakin galan da leda ya girgiza. Yawanci ma baƙin man mota ne, wani lokaci wanda aka juye daga wani injin. Janareta na jurewa na ɗan lokaci domin a zagaye 3,000 a minti yake tsayawa, kuma yana da fanka. Injin keke da ke kaiwa 6,000 ko 7,000, iskar hanya kaɗai ke sanyaya shi, ba zai yafe wannan ba. Nasa man shi ne wanda aka rubuta wa 2T. Sabon inji akan ba shi wajen mililita 60 a kowace lita har ya gama tankuna na farko, daga nan a sauko zuwa mililita 40 ko ƙasa kaɗan. Sirinjin allura na kemis ya isa ma'auni.

Injin janareta ko na kwali

Hanya biyu ce. Ta farko ita ce ta bidiyon Facebook: a ciro injin Tiger a ɗaura. Yana da araha, kuma babu unguwar da ba mai gyaransa. Sai dai ba don tafiya aka yi shi ba. Ba shi da kulochi, saboda haka da zarar ya tashi taya ma ta tashi, in taya ta tsaya ya mutu, sai an nemo kulochin da ke kamawa da kansa idan inji ya ɗau zafi, irin na injin yankan itace. Bakin karanshaf ɗinsa a feƙe yake don ya shige cikin koyil, ba don ya riƙe farantin sarƙa ba. Yana da gwamna mai hana shi wuce gudun da aka yanka masa. Sannan faɗinsa ba ya barin a zaunar da shi tsakanin ƙafafun mahayi, sai a kan kariya ta baya, nauyi ya koma sama, keke ya riƙa rawa a kwana. Wanda ya shawo kan waɗannan duka ya cancanci a sara masa, amma wahalar ta fi ribar yawa.

Ta biyu ita ce injin da ake ƙerawa a China musamman don keke, ana sayar da shi a kwali ɗaya da tanki mai cin lita biyu, da kabreta, da salansa, da totur, da hannun kulochi, da sarƙa da farantinta. Asalin zanensa daga ƙananan injinan keke ne da Tarayyar Sobiyat ta ƙera a Leningrad a shekarun 1950. A jikin kwalin za ka ga an rubuta cc 80, amma in ka auna faɗin silinda, milimita 47, da tafiyar fistin, milimita 38, lissafi cc 66 zai ba ka. Ƙarfinsa doki biyu zuwa uku, nauyin kayan duka wajen kilo 10. Yana zama daidai a cikin kusurwar firam, sarƙarsa ta bi hagu, ta feda tana dama ba a taɓa ta ba.

Tayar da shi ma abin kallo ne. Mahayi ya buɗe fetur, ya ja cok, ya matse kulochi, ya fara taka feda kamar kowane mai keke. Idan keke ya ɗan miƙe sai ya saki kulochi, taya ta fizgi inji, a ji tari biyu ko uku, sai ƙara ta kama. Ƙafa ta huta. In fetur ya ƙare a Command Junction, ya matse kulochi ya maƙale, ya taka zuwa gida. Wannan ne babban abin da ya fi babur da shi.

Masu neman wuta

Ba a jimawa da haɗa keke mai inji mai shi zai fara jin cewa gudun bai ishe shi ba. Zai koma gareji ya ce, “Oga, a ƙara masa wuta.” Kuma gaskiya injin yana karɓar ƙari, domin masana'antar da ta yi shi ba ta tsaya gyara aiki ba. In ka buɗe sabo za ka tarar da ɓurɓushin ƙarfe a bakin kafofi, gasket ya leƙo ya tare rabin hanya, notuna masu laushi. Bakanike mai haƙuri da zai zauna da ɗan magagari ya share waɗannan, ya daidaita gasket da bakin kafa, ya canza notuna da masu ƙwari, ya riga ya samu ƙarin ƙarfi ba tare da ya sayi komai ba. Daga nan sai kabreta. Filogi ne ke ba da labari: in ka ciro shi ka ga bakinsa baƙi da danshi, mai ya yi yawa, in ya yi fari fat, mai ya yi kaɗan, kuma inji na gab da bugawa. Launin ƙasa-ƙasa ake nema. Saitin da ya yi daidai da sanyin Janairu ba lalle ya dace da zafin Afrilu ba, kuma ƙurar hunturu tana cinye zoben fistin cikin 'yan makonni in an cire soson matatar iska, abin da yara ke yi don su ji inji na huci.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne salansa. Yaro zai fasa ta ya zubar da cikinta, ƙara ta cika unguwa, shi a ransa ya samu ƙarfi. Bai samu komai ba sai tsinuwar maƙwabta da asarar fetur. A injin bugu biyu salansa rabin inji ce, kuma wanda ya nuna wa duniya haka wani injiniya ne na Jamus ta Gabas, Walter Kaaden, na kamfanin MZ. Tunda kafar hayaƙi da ta shigar mai suna buɗe a lokaci guda, wani kaso na sabon fetur yakan bi hayaƙi ya fice. Kaaden ya tsara salansa mai tumbi: tana farawa siririya, ta buɗe, ta yi ciki, sannan ta tsuke. Kamar mutum ne ya yi kira a bakin rijiya muryarsa ta dawo masa. Bugun hayaƙin da ya fita yana tafiya, wurin da bututun ya buɗe ya zuƙo ragowar hayaƙi daga silinda, wurin da ya tsuke kuma ya maido da bugun baya, ya tura fetur ɗin da ya tsere ya koma ciki daidai lokacin da fistin zai rufe kafa. A 1961 babur ɗin tseren MZ mai cc 125 ya ba da doki 25, abin da ba a taɓa gani ba. A shekarar ce matuƙinsu Ernst Degner ya tsere zuwa Jamus ta Yamma bayan tseren Suwidin, ya kai wa Suzuki sirrin, a 1962 ya ci musu kambun duniya na ajin cc 50.

Abin lura a nan shi ne tsawon bututun da faɗin kowane sashe lissafi ne, kuma kowane tsawo da gudun injin da yake yi wa aiki. Gajere na ba da ƙarfi a can ƙololuwa, dogo na ba da shi a ƙasa-ƙasa. Mai walda a Kakuri da ke naɗe falanki ya yi mazurari da bokiti zai iya naɗe wannan salansa cikin yini ɗaya, in an ba shi awo a takarda. Awon ne babu mai ba shi.

Sauran dabarun sun fi haɗari. Akan goge kan inji a rage masa tsawo don matsi ya ƙaru, in aka zarce kuma inji ya fara ƙwanƙwasa, musamman da fetur ɗin 'yan bumburutu da ba a san abin da aka gauraya masa ba, ƙarshe fistin ya huje. Akan ɗaga kafar hayaƙi da magagari, amma milimita ɗaya a nan ba ƙaramin abu ba ne: in ta yi sama da yawa, keke zai yi ihu a miƙaƙƙen titi ya kasa hawa ɗan tudu, in ta yi faɗi da yawa zobe ya maƙale a bakinta ya karye. Silindar kuma alminiyon ce da aka shafe cikinta da siririn kurom, ba a yi mata bori kamar ta babur. Ta lalace, ta tafi ke nan. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Mafi sauƙin hanyar ƙara gudu ma ba ta cikin inji. A cikinsa akwai giya mai rage zagaye kusan ninki huɗu, sai ƙaramin faranti mai haƙora 10 da ke jan na baya mai haƙora 44. Idan inji na zagaye 6,000 a minti, taya mai inci 26 za ta yi wajen 330, wato kilomita 41 a awa. Sauya farantin baya da mai haƙora 36, gudu ya koma kilomita 50. Ba a ƙara ƙarfi ko kaɗan ba, an dai sayar da ƙarfin ja an sayi gudu.

A nan ne nake ganin ya kamata mu tambayi kanmu irin ƙarfin da Kaduna ke buƙata. Wanda ya ga bidiyon Amurka na keke mai gudun kilomita 80 ya tuna a filin tsere ake yi, da rigar fata da hular kwano. Hanyar Kachia kuwa tankoki ne da tireloli da Keke Napep mai tsayawa ba sigina. Lungunan Narayi da Unguwar Boro da damina jar laka ce da kwazazzabai. Mai keken nan zai ɗauko jarkar ruwa, ko rabin buhun masara, ko ɗansa daga makaranta. Abin da zai amfane shi inji ne mai ja daga ƙasa, wanda ba ya zafi a cunkoson Television Garage, wanda zai shekara ba a buɗe shi ba. Faranti mai haƙora 44, ko ma 48, da doguwar salansa, sun fi masa mai 36.

Keken da ba a tambaye shi ba

Duk wannan magana a kan inji ce, alhali mai ɗaukar wahalar shi ne keken. An ƙera shi ne don gudun ƙafar mutum, kilomita 15 zuwa 20 a awa. Ƙarfin da birki zai kashe ba ya tafiya daidai da gudu, ninkuwa yake yi: daga 20 zuwa 40 ya ninka huɗu, daga 20 zuwa 50 ya wuce ninki shida. Tsohon Raleigh ko Phoenix na gado, mai birkin sanda da ɗan guntun roba da ke shafar rim na ƙarfe, ko da feda ba ya tsayawa da kyau in ruwa ya taɓa shi. A ɗaura masa inji a bar masa wannan birki ganganci ne. Firam ɗinsa na ƙarfe yana da ƙwari, ya fi na alminiyon jure jijjiga, amma birkin dole a canza. Kekunan gwanjo masu faɗin taya da birkin faifai a gaba sun fi dacewa, muddin firam ɗin ƙarfe ne kuma akwai wurin zaman inji. Kada a huda firam don ɗaure inji, daga bakin hujin yake fara tsagewa.

Akwai wurare uku da wannan keke ke kayar da mutum, kuma duk ba a kula da su. Farantin baya na cikin kwali da roba biyu da notuna tara ake damƙe shi a jikin wayoyin taya, wato duk ƙarfin inji a kan siraran wayoyi yake sauka. In bai zauna a tsakiya cif ba, sarƙa za ta riƙa tsukewa tana saki a kowane zagaye, wayoyi su fara tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Maganinsa a ba mai injin feƙe ƙarfe ya yi mariƙi da zai kama cibiyar taya kai tsaye, a kuma ɗaure tayar da wayoyi masu kauri. Na biyu ɗan gargaren da ke ɗame sarƙa, wanda aka maƙala a ƙafar firam da noti biyu. Jijjiga na kwance shi, ya juya ya faɗa cikin wayoyi, tayar baya ta ƙame nan take. Na uku madigadin gaba: ƙafarsa ta karye saboda jijjiga, ya naɗe a taya, mahayi ya tashi ta kan keke. A kilomita 15 wannan gurjewar gwiwa ce. A kilomita 50, gaban tirela, Allah dai ya kiyaye. Asibitin Gwamna Awan na nan kusa a Kakuri, amma ba kowa ake kaiwa da rai ba.

Batun tattalin mai ma a faɗi gaskiya. Keke mai inji yakan yi wajen kilomita 40 da lita ɗaya, ga kuɗin 2T a kai. Boxer mai cc 100, da nauyinsa da fasinjansa, yana yin haka ko ma ya fi, domin injin bugu huɗu ba ya zubar da mai, shi kuwa mai bugu biyu irin na da yakan fitar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na fetur ɗinsa ta salansa ba tare da ya ƙone ba. Ribar keken tana wurin saye da gyara, ba a gidan mai ba. Hayaƙin kuma ba abin rainawa ba ne. Birnin Dhaka na Bangladesh sai da ya kori kekuna masu ƙafa uku masu irin wannan inji daga titunansa a farkon 2003 saboda iska ta gagari shaƙa. Keke ɗari a Kaduna ba za su canza komai ba, dubu hamsin kuwa wata magana ce. Keken lantarki ya fi tsafta da shiru, sai dai batirinsa tsada, kuma mutumin da ke fizgar igiya kowace magariba ya san inda matsalar caji take.

Keke ne ko babur?

Tambayar da ke jiran mai wannan keke a shataletalen Tasha ke nan, ranar da jami'in KASTLEA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, ko na Road Safety ya ɗaga masa hannu. A ƙasashen Turai an yanke magana: abin da bai wuce cc 50 da kilomita 45 a awa ba yana da ajinsa, da irin lasisinsa da ƙa'idarsa. A nan babur na buƙatar lamba da lasisin tuƙi da hular kwano, wadda aka fara tilastawa tun 1 ga Janairun 2009, keke kuwa ba ya buƙatar komai. Wanda aka haɗa a gareji ba shi da takardun da ake yi wa babur rajista da su, kuma ba za a ce masa keke zalla ba tunda ga hayaƙi na fita. Kaduna kuma gari ne da babur ke da tarihi da hukuma. A 2014 gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta haramta acaba a cikin birni, a ƙarshen Satumban 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta dakatar da hawa babur na wata uku saboda 'yan bindiga. Duk ranar da aka sake irin wannan doka, hukuncin mai keke mai inji zai koma hannun jami'in da ya tare shi, kuma kowa ya san yadda irin wannan ke ƙarewa.

Abin takaicin shi ne duk wanda zai iya warware wannan yana cikin garin nan. Hedikwatar hukumar ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, a Kaduna take. Kaduna Polytechnic na tsallaken kogi a Tudun Wada, maƙwabciyar kasuwar Panteka, kuma tuni aka fara haɗa kai da masu sana'ar Panteka don ba su takardar shaidar ƙwarewa. Ɗaliban injiniya na ƙera na'urorin kammala karatu kowace shekara, a ba su maki, a jibge a sito. Me zai hana wani sashe ya ɗauki wannan aiki guda: ya gwada firam da birki, ya fitar da awon salansa mai ja da rage hayaƙi, da zanen mariƙin faranti, a buga a takarda ɗaya da Hausa da Turanci, a raba wa masu walda da kanikawan janareta daga Makera har Sabon Tasha? Gwamnatin jiha kuma ta yanka aji: cc kaza, gudu kaza, birki gaba da baya, fitila, hular kwano, rajista mai araha, ba ɗaukar fasinja don kuɗi.

Kafin a kai ga haka, kai da ke shirin haɗa naka, fara da birki da taya da hular kwano, in kuɗi ya ragu ka sayi inji. In kuma ka kai wa bakanike, ka roƙe shi ya bar maka farantin nan mai haƙora 44 yadda ya zo.